KALMAR DA AKA GOGE

 Yau da tambaya na zo muku, kuma ina so kowacce ta ɗan ajiye abin da ke hannunta ta ba kanta amsa tsakaninta da zuciyarta. Idan mutum ya ɗauko wata magana mai zafi zai yaɓa miki, har ta iso bakinsa, har kin gane ko wace magana ce, sai kuma ya haɗiye abarsa ya faɗi mai daɗi a madadinta, da wacce za ki kama shi? Da wadda ya haɗiye, ko da wadda ya furta?

Hausawa sun ce magana zarar bunu ce, in ta fita ba ta komawa. Wannan kowa ya yarda da shi. To amma akwai maganar da ba ta gama fita ba, ba ta kuma zauna a ciki ba, leƙowa kawai ta yi ta koma. A kan irinta aure da yawa ya yi tsami, aminai da yawa suka daina gaisawa, alhali in aka ce a kawo shaidar abin da aka faɗa babu. Abin da ya fi fito da wannan tambaya fili a wurina shi ne wata tsohuwar hanyar hira ta kwamfuta da aka yi yayinta a ƙasashen Turawa tun kafin a haifi da yawa daga cikinmu. Ku ɗan yi haƙuri in ba ku labarinta tukuna, don a cikinsa amsar take.

A wancan zamanin kwamfuta ba abar sawa a jaka ba ce. Inji ne babba da ake ajiyewa a ɗaki guda a jami'a ko ma'aikata, sai a ja wayoyi daga jikinsa zuwa ofisoshi daban-daban. A ƙarshen kowace waya akwai na'ura mai madannai irin na tafireta. Da farko ma a kan takarda take buga amsa, daga baya aka samu mai allo kamar ƙaramin talabijin. Allon baƙi ne wuluk, ba hoto, ba ado, ba wani abu da za ki taɓa da yatsa ya buɗe. Rubutu ne zalla, fari ko kore ko ruwan goro, yawanci layi 24, kowane layi yana ɗaukar harafi 80. Sai wani ɗan ɗigo da ke ta ƙyaftawa yana jiran umarni. Duk abin da kike so injin ya yi sai kin rubuta masa da kalma, kin danna madannin aikawa, sannan ya aikata.

Ɗaya daga cikin tsare-tsaren da ke tafiyar da irin waɗannan injuna shi ne Unix, wanda Ken Thompson da Dennis Ritchie da abokan aikinsu suka fara ginawa a 1969 a ɗakin binciken Bell da ke Amurka. Mutane da yawa ne ke aiki a kan inji ɗaya a lokaci ɗaya, tamkar gidan haya mai ɗakuna barkatai amma tsakar gida ɗaya. In mutum yana son sanin su wa ke cikin gidan a lokacin, sai ya rubuta umarnin who, sunayensu su jero masa. In yana son magana da ɗaya daga ciki, akwai umarnin write, wanda yana cikin tsarin tun fitowarsa ta farko a 1971. Zai rubuta write da sunan mutumin, daga nan duk layin da ya kammala ya danna aikawa, sai ya faɗo a allon wancan, a tsakiyar ko wane aiki yake yi.

Tunda ba a ganin fuska ba a jin murya, sai ya zama ba wanda ya san ko ɗan uwansa ya gama magana. Don haka suka ari al'adar masu oba-oba: in ka kai aya sai ka rubuta harafin o, wato na gama, kai nake sauraro. In sallama ce gaba ɗaya sai ka rubuta oo. Wanda kuma ba ya son a faɗo masa yana tsakiyar aiki, sai ya rubuta mesg n, ya saki labulensa ke nan, ba saƙon abokan aiki da zai shigo sai ya ɗage. Kun ga ko a gaban inji ɗan Adam bai iya zama ba sai da ladabin karɓa-karɓa da na ƙofa.

Amma abin da ya kawo ni shi ne wanda ya biyo baya. A 1973, a Jami'ar Ilinoi, a kan wani tsarin koyarwa da ake kira PLATO, Doug Brown da David Woolley suka fito da wata manhajar hira mai suna Talkomatic. Mutum biyar ke zama a zaure ɗaya, an yanka allon kowa da gurbinsa, kuma harafi na fita daga yatsanka yana bayyana a gaban sauran, ba jiran ƙarshen layi. Shekara goma bayan haka, a 1983, irin Unix ɗin da Jami'ar Kalifoniya da ke Berkeley ke rarrabawa ya fito da umarnin talk, wanda ya yaɗu a jami'o'i da yawa. Za ki rubuta talk da sunan wadda kike nema, ko da a wani injin take a wani gari. Ƙararrawa za ta yi ƙara a wurinta, rubutu ya fito cewa wance na neman ki, in kin yarda ga yadda za ki amsa. In ta amsa, sai allon ya rabu biyu da layi a tsakiya: sama naki, ƙasa nata. Ku biyun kuna iya rubutu a lokaci ɗaya, kowacce tana kallon haruffan 'yar uwarta suna fitowa ɗaya bayan ɗaya.

Ku lura da abin da wannan ke nufi. Ba abin da zai ɓuya. In ta yi sauri kin gani, in ta tsaya tana shakka a tsakiyar kalma kin gani. In ta yi kuskure ta koma ta gyara, a kan idonki. In kuwa ta fara wata magana ta fasa, za ki ga ɗan ɗigon nan yana ja da baya yana cinye haruffan, amma fa kin riga kin karanta. Gogewa tana share allo ne kawai, ba ta share idon da ya gani.

To yanzu ki ƙaddara da wannan hanya kike magana da maigidanki yana wurin aiki. Kin rubuta masa: "Maigida, kuɗin cefanen da ka bari bai kai ba." Kina kallon gurbinsa sai haruffa suka fara fitowa da sauri: "Ke dai kullum ba kya god". Sai suka tsaya cak. Ɗigon ya yi ta ƙyaftawa. Can sai ya fara ja da baya har layin ya zama wayam. Sannan a hankali wani rubutun ya fito: "To, ki yi haƙuri, zan aiko yaron shago da ƙari anjima." Ga ki nan zaune da magana biyu. Ɗaya tana kan allo, ɗaya tana cikin ƙirjinki tana ci kamar garwashi. Da yamma zai dawo gida. Da wace fuska za ki tare shi?

Na san amsar da yawancinmu za mu bayar, kuma ba zan raina ta ba. Wata za ta ce: "Ai shi ke nan, yau Allah ya tona. Ta farkon ita ce gaskiyar abin da ke ransa, ta biyun kwalliya ce. Ashe kallon marar godiya yake yi mini duk shekarun nan." Masu wannan ra'ayi suna da hujja. Abin da ya fito ba shiri yakan fito ne daga wuri mai zurfi, shi ya sa ake cewa labarin zuciya a tambayi fuska, don fuska ba ta iya tsayawa ta tsara ƙarya kamar baki. Kuma gaskiya ne kalmar ba daga sama ta faɗo ba, a cikinsa take, in da babu ita da yatsunsa ba su samo ta ba. Ga shi kuma zafinta ya riga ya taɓa ki. Wanda zai ce miki ki ɗauka kamar ba ki gani ba, ya nemi abin da ba ya yiwuwa.

Duk da haka ni ban tsaya a nan ba, ga kuma dalilina. Abu biyu kika gani a allon nan. Kin ga hannun da ya rubuta, kin kuma ga hannun da ya goge, kuma hannun mutum ɗaya ne. Don me za ki gaskata shi a na farko ki ƙaryata shi a na biyu? Rubutawar ba ta ci masa komai ba, gajiya ce da zafin aljihu suka tura yatsun, kuma kowa ya iya wannan, har yaro ƙarami. Gogewar ce aikin manya. A cikin 'yan daƙiƙun nan da ɗigon ke ƙyaftawa ya auna maganar, ya tuna ko ke wace ce a wurinsa, ya ga ba ki cancanci haka ba, ya danne ransa. Ta farkon ta zo masa ne, ta biyun shi ya zaɓe ta. In ana neman sanin halin mutum, a wurin zaɓinsa ake dubawa, don zuciyar kowa kasuwa ce, mai kyau da marar kyau duk suna ratsawa, abin da mutum ya saya ya kai gida shi ne nasa.

Wace ce a cikinmu za ta yarda a faɗo mata kicin miya na kan wuta, ba ta sa daddawa ba, ba ta ɗanɗana gishiri ba, a ɗebi ludayi guda a kai wa baƙi a ce ga iyakar iyawarta? Mu masu rubuta littattafai mun san wannan sarai. Shafin da ya isa hannun mai karatu ya bi ta kan shafuka da yawa da aka soke aka yage, kuma da wanda aka buga ake yi mana hukunci. Haka kowacce take so a yi mata. Ki tuna sau nawa a rana ɗaya wata magana ke zuwa miki a kan surukarki, ko abokiyar zamanki, ko ma 'ya'yan da kika haifa, ki haɗiye. Da a ce akwai allo a goshinki da ke nuna su harafi-harafi, gida nawa za ki iya zama a ciki? Ba banza ba aka ce ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba.

Wata za ta ce, to ai wannan munafunci ke nan, a ji abu a ciki a faɗi wani a baki. A'a 'yar uwa, akwai tazara mai nisa tsakanin kawaici da munafunci, kuma gane su ba wuya. Ki bi sawun kalmar ki ga inda ta tafi bayan an goge ta. Mai kawaici in ta haɗiye magana, maganar ta mutu ke nan, ba za ki ji ta a bakin kowa ba, ba kuma za ki gan ta a aikinta ba. Munafuka kuwa ajiya take yi. Ta goge a gabanki ne don ta je ta baje ta a bayanki, a gidan suna ko gidan biki. Haka shi ma maigidan. In ya goge "ba kya godiya" ya dawo gida da sakin fuska, ga cefane ya aiko, to maganar ta mutu, kar ki tono kabarinta. In kuwa kullum aikinsa na faɗin abin da yatsunsa suka goge, wulaƙanci yau, gori gobe, to ba ki ma bukatar allo. Da aikin za ki yi masa magana, don shi ne a fili, shi ne kuma ba zai iya musawa ba.

Sai dai akwai wata irin kalmar da ake gogewa wadda hukuncinta ya sha bamban, kuma ita ce ta fi damuna. Ki sake ƙaddarawa, wannan karon da ƙanwarki kike hira, wata shida da kai ta ɗakinta. Kin rubuta: "Amarya, ya gidan?" Sai ga haruffa suna fitowa a hankali: "Yaya, jiya ma sai da ya do". Suka tsaya. Ɗigon ya daɗe yana ƙyaftawa. Sai ya ja da baya ya cinye su tas. Sannan: "Lafiya lau Yaya, ya su Umma?" A nan fa wadda ta kau da kai ta ce ai da bakinta ta ce lafiya lau, ba kawaici ta yi ba, gudun ɗawainiya ta yi. Maigidan can ya goge ne don kar ya cuce ki. Yarinyar nan ta goge ne don kunya da tsoro, da kuma abin da aka yi ta nanata mata ranar kai amarya, cewa ta rufe sirrin gidanta. Mata nawa ne suka daɗe suna rubuta irin wannan rabin kalma da idanunsu, da ramarsu, da shirun da suke yi in an ambaci sunan miji, 'yan uwa suna gani suna karɓar "lafiya lau" don ta fi sauƙin ɗauka? Irin wannan kalma bin ta ake yi. Ba da kururuwa ba, ba da yayatawa a dangi ba. Ki shirya ki je gidan, ki zauna da ita ku biyu, ki ce mata kin gani, kuma ba za ki saki hannunta ba. In abin ya kai a sa manya a sa su, in akwai rauni a jiki a kai ta asibiti.

Su kansu masu ƙera waɗannan na'urori sun san darajar rabin kalma. A 1964 wani masanin kimiyya Ba'amurke, Robert Weitbrecht, wanda shi kansa kurma ne, ya ƙera abin da ya ba kurame damar haɗa injin buga rubutu da wayar tarho su yi hira. Su ma harafi-harafi rubutun ke tafiya, su ma suna da alamarsu ta karɓa-karɓa: GA in an ba ka fili, SK in za a ajiye waya. Wannan salo bai mutu ba. A 2016 hukumar kula da sadarwa ta Amurka ta kafa ƙa'idojin shigar da rubutun nan-take a wayoyin hannu, kuma ana iya kiran lambar agajin gaggawa da shi. Hikimar a bayyane take. Wanda ke cikin haɗari ba lallai ne ya samu sukunin kammala jimla har ya danna aikawa ba, amma abin da ya riga ya buga ya isa, kuma rabin kalmar nan tana iya ceton rai.

Kun ga ke nan ba a yi wa kalmar da aka goge hukunci ɗaya. Abin tambaya shi ne, wa gogewar ta kare? In ke aka kare daga zafin harshe, ki karɓi kyautar ki yi shiru. In kuwa mai gogewar ciwonta take rufewa, to shirunki cuta ne. Abin takaici, mu yawanci a juye muke yi. Kalmar da ta taɓa mu ita muke riƙewa shekara da shekaru, muna jiran ranar faɗa mu zaro ta. Wadda ke nuna wata na cikin wahala kuwa, nan da nan mun manta mun gani.

A hirar yau da kullum dai duniya ba ta zauna a kan salon talk ba. A watan Agusta na 1988 Jarkko Oikarinen, a Jami'ar Oulu da ke ƙasar Finlan, ya fito da IRC, inda jama'a daga ƙasashe daban-daban ke haɗuwa a zauruka, kowa da laƙabinsa, duk ta wannan baƙin allo. Ta yi tasirin da har a 1991, lokacin yunƙurin juyin mulki a Tarayyar Sobiyet, an yi amfani da ita wajen fitar da labarin abin da ke faruwa. Amma a IRC layinka yana hannunka har sai ka danna aikawa, ba mai ganin abin da ka soke. A 2009 kamfanin Google ya gwada dawo da rubutun harafi-harafi a wata manhaja mai suna Wave, kuma cikin abubuwan da mutane suka koka da su har da wannan, cewa ana kallon su suna tunani. An rufe ta a 2012. Ɗan Adam yana son ɗan labule tsakanin zuciyarsa da idon jama'a, kuma yana da gaskiya.

Wayar da ke hannunmu yau ta ba mu labulen, amma ta bar masa 'yar ɓula. A WhatsApp ba kya ganin haruffan, sai dai alamar cewa wance tana rubutu. Ta fara, ta tsaya, ta sake farawa, daga ƙarshe kalma ɗaya ta iso: "To." Daga nan zuciya ta shiga saƙa da warwara. A 2017 aka kawo damar goge saƙo bayan an aika, amma gurbinsa yana nan yana sanar da kowa cewa an goge wani abu. A 2023 aka ƙara damar gyara saƙo cikin minti 15, shi ma da alamarsa. Sai ga sabuwar fitina a gidaje da zaurukan dangi: "Me kika goge?" "Wallahi sai kin faɗa mini abin da kika rubuta." Har akwai masu sa manhajojin bayan fage a wayoyinsu don kawai su riƙa karanta abin da aka goge, su ɗauki hotonsa su ajiye. 'Yar uwa, in da a tsakar gida ne kika ga mace ta manna kunne a jikin taga tana sauraron kishiyarta, da wane suna za ki kira ta? Laɓe laɓe ne, ko a bayan ɗaki ko a cikin waya, kuma mai laɓe ba ta cika jin abin da zai faranta mata ba.

Ban gama ba sai na juyo kan mai rubutun, don kar wata ta ɗauki maganata ta mai da ita lasisi. Cewa a yafe kalmar da aka goge ba ya nufin ba ta yi ciwo ba. Akwai ma masu yi da gangan: ta aika baƙar magana, ta jira sai ta ga alamar an karanta, sannan ta goge, in an yi magana ta ce ai kuskure ne, ai na goge. Wannan jifa ne da ɓoye hannu, habaici ne da ya samu sabuwar riga, kuma ba ya cikin abin da nake nema wa afuwa. Wanda ya zauna gaban talk ya san ba shi da maɓoya, dole tunaninsa ya riga yatsunsa, in ba haka ba ya ji kunya nan take. Mu da aka ba mu madannin gogewa sai muka saki jiki, yatsu na gaba hankali na biye. Ki mai da labulenki cikin ƙirji, can ne ba mai leƙawa. In ranki ya ɓaci, ajiye wayar, ki sha ruwa, ki gama wanke-wankenki. Maganar da ta cancanci faɗa za ta jira ki, wadda ba ta cancanta ba za ki dawo ki tarar ta huce. In kuma ta riga ta kuɓuce an gani, kar ki tsaya a gogewa, ki bi ta da ban haƙuri, don shi ne ke isa inda madanni ba ya isa.

Zo mu zauna zo mu saɓa ne, ko harshe da haƙori ana samun haka. Duk wanda kike zaune da shi, miji ne, uwar miji ce, abokiyar zama ce, aminiya ce, wata rana za ki hango abin da ya so faɗa bai faɗa ba, a fuskarsa ko a numfashinsa ko a wayarsa. Ranar nan ki tuna cewa ya iya faɗa, ya fasa, kuma saboda ke ya fasa. Ki bar masa wannan, kamar yadda kike so a bar miki naki. Idonki kuma ki ajiye shi a kan ƙanwa ko 'ya ko maƙwabciyar da ke fara magana tana haɗiyewa, wadda "lafiya lau" ɗinta ba ya kama da lafiya. Ita ce ke bukatar a tambaye ta me ta goge.

Allah ya ba mu zaman lafiya a gidajenmu, ya sa mu fi ƙarfin harsunanmu da yatsunmu, amin.